C-54, Jakin Sama da Ya Ciyar da Barlin

Duk wanda ya zauna ajin tarminal ya haddace zancen: a Yuni 1948 Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin Barlin ta Yamma, a Mayu 1949 ta buɗe, a tsakani kuma an ciyar da birnin ta sama. Layi biyu ne cikin kaye, ka zuba su ranar bak ka wuce abinka. To amma ƴan uwa, mu tsaya mu yi lissafi irin na mutanen tasha. Rayuka sama da miliyon 2, sanyi na tafe, ba jirgin ƙasa, ba kamyo, ba jirgin ruwa. Da mi aka ɗauki kayan?

Mafi yawansu jirgi iri ɗaya ya ɗauke su, Douglas C-54, wanda Amurkawa ke wa laƙabi da Skymaster. Ba ya da bindiga, ba ya jefa bam, kuma ba wani gudu gare shi ba. Jakin kaya ne kawai, sai dai mai inji huɗu.

Asalinsa ma ba na soja ba ne. Kamfanin Douglas na Kalifoniya ya zana shi don fasinja, da sunan DC-4. Gwajin farko na 1938 ya fito ƙato, ga tsada ga wuyar gyara, kamfanonin jirage suka ce ba su so, daga baya aka saida shi ga Japan. Aka sake zana wani ɗan madaidaici. Kafin a miƙa ko guda ga masu shi, Japan ta kai hari Pearl Harbor a Disamba 1941, soja suka karɓe masana'antar da duk abin da ke cikinta. Ran 14 ga Fabrairu 1942 na farko ya tashi, da fentin soja. Gaba ɗaya an ƙera 1,170, kuma 655 daga ciki a wata masana'anta kusa da Shikago, wurin da yau ya zama babban filin jirgin O'Hare.

Tsawonsa mita 28 da ɗoriya, daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kusan mita 36. Kowane inji, ƙirar Pratt & Whitney, silinda 14 gare shi. Ba a matse iskar cikinsa kamar jiragen yanzu, don haka ba ya hawa can sama ya tsallake hadari, cikinsa yake ratsawa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne ƙafarsa. Jiragen kaya na zamanin, irin C-47, ƙaramar taya gare su a wutsiya, in sun tsaya sai hanci sama gindi ƙasa, mai lodi na tura kaya kamar mai hawan tudu. Shi C-54 tayarsa ta uku a hanci take, daɓen cikinsa a miƙe. Ƙaramin abu ne a ido, amma za mu ga ranarsa.

A yaƙin duniya na biyu aikinsa ƙetare teku ne, kuma ɗaya daga hanyoyin ta bi ta ƙofar gidanmu. Jiragen Amurka na tasowa daga Natal ta Barazil, su sha mai a tsibirin Asansiyon, su sauka Akara, daga nan su nausa gabas zuwa Kartum har Indiya. Kano da Maiduguri na cikin zangunan hanyar, haka ma Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Mi ya sa aka bi ta kudu da mu? Dalili ɗaya shi ne siyasa: Nijar na hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942, alhali Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle tun Agusta 1940. C-54 ne kuma ya ɗauki shugaba Roosevelt daga Bathurst, Banjul ta yanzu, zuwa taron Kasabalanka a Janairu 1943. Daga baya aka gyara masa nasa na musamman, har da na'urar ɗaga kekensa na guragu, ƴan jarida suka sa wa jirgin suna "Saniya Mai Tsarki". Shi ya kai shi taron Yalta a 1945, kuma a cikinsa Truman ya sa hannu, ran 26 ga Yuli 1947, kan dokar da ta mai da sojan saman Amurka runduna mai zaman kanta.

Duk wanga sharar fage ne. Barlin ce ta gwada shi.

Rigimar a kan kuɗi ta tashi. Ran 20 ga Yuni 1948 ƙasashen Yamma suka fito da sabon kuɗi a yankunansu na Jamus, ran 24 Rasha ta rufe hanyoyin ƙasa da na ruwa. Abin da ya rage shi ne hanyoyin sama guda uku, kowace faɗinta kimanin kilomita 32, waɗanda tun 1945 aka amince da su a rubuce. Aka ƙiyasta birnin na bukatar tan 4,500 kullum don kar a mutu. C-47 na ɗaukar wajen tan 3, ke nan sawu 1,500 a yini, abin da ba filin da zai iya ɗauka. C-54 na ɗaukar tan 10, sawu 450 ya wadatar. Kuma albarkacin daɓen nan miƙaƙƙe, lokacin sauke tan 10 nasa bai wuce na sauke tan 3 na ɗan uwansa da wani abin kirki ba. Sai aka shiga kiran su daga ko'ina, Alaska, Hawai, Panama, Japan, har sama da 200 suka taru a Jamus.

Tara jirage daban, tafiyar da su daban. Ran Juma'a 13 ga Agusta 1948, ruwa da hazo suka rufe filin Tempelhof. C-54 guda ya zarce ƙarshen titin sauka ya kama wuta, na biyu ya fasa tayoyi garin taka birki, na uku ya sauka kan titin da ba a gama ginawa ba. A sama jirage suka yi cincirindo suna kewaya cikin gajimare, ba mai ganin wani. Cikinsu har da jirgin janar William Tunner, wanda aka ba ragamar aikin makonni biyu da suka wuce. Ya ce duk a koma gida. Dokokin da ya kafa bayan nan su ne, a ganina, ainihin tarihin wanga al'amari. Ko gari garau yake, matuƙi da na'ura zai tuƙa, ba da ido ba. Tsakanin jirgi da jirgi minti uku. Kowa sau ɗaya zai gwada sauka. In ya kuskure, ba kewayawa, ya bi hanyar tsakiya ya koma inda ya fito da kayansa. In an sauka, ba mai barin gindin jirgi: abinci da labarin yanayi a mota ake kawo musu nan, cikin wajen minti 30 an sauke an tashi. Wanda ya taɓa ganin tasha ranar kasuwa, inda kowane direba ke son shiga gaba, ya san mi Tunner ya kashe.

Kayan kuma ba abin da kuke zato ba ne. Kusan kashi biyu bisa uku kwal ne, gawayin dutse irin na Cirozerin, don girki da wutar lantarki da ɗumama ɗaki. Abinci kuwa sai da aka raba shi da ruwa, tunda ruwa nauyi ne: busasshen dankali, garin madara, fulawa maimakon burodi. Ƙurar kwal da ta fulawa na shiga ko'ina cikin jirgin, tana cin wayoyi. Ga shi an ƙera shi don doguwar tafiya, yanzu ya koma ɗan kai-da-kawo, yana dira da cikakken lodi sau da yawa a yini, tayoyi da birki na ƙarewa. Duk awa 200 na tashi sai a kai shi babban dubawa, da farko a Oberpfaffenhofen kusa da Munik, daga baya a Burtonwood ta Ingila. In ya cika awa 1,000 sai Amurka. Da kanikawa suka yi ƙaranci, Jamusawa aka ɗauka, wasunsu tsofaffin ma'aikatan sojan saman Hitila. Duniya ta san Gail Halvorsen, matuƙin da ya riƙa jefa wa yara alewa ɗaure da ƴan ƙyallaye, kuma ya cancanci a san shi. Amma alewa ba ta riƙe birni. Waɗanda suka kwana cikin sanyi suna sauya inji, su hoto bai ɗauka ba.

Faransa ba ta kawo jiragen a zo a gani ba, nata na can Indocin. Gudummawarta fili ce. A yankinta na Tegel dubban mutanen Barlin, da yawansu mata, suka shimfiɗa titin sauka da ɓaraguzan gidajen da yaƙi ya rusa, cikin wata uku. Ran 5 ga Nuwamba 1948 C-54 ya fara sauka can. Dogayen turakun rediyon da Rasha ke amfani da su na tsaye daf da filin, janar Jean Ganeval ya sa musu nakiya a Disamba. Ingila ta ɗauki kusan kwata na kayan da jiragenta, har da masu sauka kan ruwa, waɗanda aka ba dakon gishiri don jikinsu ya saba da shi.

Kar dai mu ƙawata labarin fiye da kima. Mutanen Barlin sun sha wuya a hunturun nan, wutar lantarki wajen awa 4 a yini, wani lokaci tsakar dare take zuwa, mace ta tashi ta yi girki. Masu binciken tarihi sun kuma nuna cewa toshewar ba ta taɓa zama cif ba, kaya sun yi ta sulalowa daga ƙauyukan yankin Rasha ta hanyar sumoga. Kuma ba tausayi ne ya tada jiragen ba. Shekara uku kafin nan, rundunonin nan biyu su ke zuba wa Barlin bam. Abin da ya sauya shi ne birnin ya zama wurin da Amurka ba za ta iya bari ba tare da ta zubar da girmanta a Turai ba, don haka ta biya kuɗin da ba wanda zai biya don birni mara gata.

Ran 16 ga Afrilu 1949, cikin awa 24, an sauke kusan tan 13,000 a sawu wajen 1,400, kusan jirgi guda kowane minti. Ran 12 ga Mayu aka buɗe hanyoyi, amma aka ci gaba da jigila har 30 ga Satumba don a cika rumbu, ko da za a sake. Jimla tan miliyon 2.3 a sawu kusan 278,000. A dutsen tunawa na Tempelhof an rubuta sunayen mutanen Ingila 39 da Amurkawa 31 da suka rasu a aikin.

Bayan nan tauraronsa ya fara dusashewa. A Koriya ya yi jigilar waɗanda suka ji rauni, kuma wani C-54 da ke ajiye a filin Kimpo ran 25 ga Yuni 1950 shi ne jirgin Amurka na farko da aka lalata a yaƙin. Jirage masu sabon inji irin C-130 suka zo suka karɓe masa aiki, daga baya sojan Amurka suka sallami na ƙarshe. Ɗaruruwa kuwa tun bayan 1945 aka saida su da araha, aka goge fentin soja aka sa kujeru, suka koma DC-4 ɗin da aka so su zama tun farko. Da Nijar da ƙasashe goma suka kafa Air Afrique a Yawunde a Maris 1961, DC-4 na cikin jiragen da kamfanin ya fara ɗaukar fasinja da su.