Darajar Gurbi: Daga Ƙwallayen Katako Zuwa Ruwan Hamada

A shekarar 1974 aka ɗora wa Richard Robson, malamin ilimin sinadarai a Jami'ar Melbon ta ƙasar Ostiraliya, wani ɗan aiki: ya shirya ƙwallayen katako da sanduna domin ɗalibai su ga yadda ƙwayoyin zarra ke haɗuwa. Sai da ya yi wa kowane ƙwallo alamar inda za a huda shi, a nan kuwa ya lura cewa mazaunin ramukan shi ke yanke siffar abin da za a gina. Tunanin ya kwana a ransa fiye da shekara goma. A 1989 ya haɗa ƙwayoyin tagulla da wani sinadari mai hannaye huɗu, ya sami ƙanƙarar da tsarinta ya yi kama da na lu'ulu'u, amma cikinta duk ɗakuna ne wayam.

Ginin nasa bai da ƙwari, yakan rushe da sauƙi, don haka masana da yawa suka ɗauke shi abin banza. Susumu Kitagawa na Japan ya sha irin wannan rainin daga masu ba da kuɗin bincike, duk da haka a 1997 ya nuna cewa irin wannan raga tana iya haɗiye iskar gas, ta sake ta, ba tare da ta lalace ba.

Na ukunsu shi ne Omar Yaghi, wanda aka haifa a 1965 a Amman ta ƙasar Jodan, cikin iyalin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, a unguwar da ake kwanaki kafin famfo ya kawo ruwa. Yana ɗan shekara 15 ya tafi Amurka karatu. A 1999 ya fito da MOF-5, wanda ke jure zafin digiri 300, kuma in da za a shimfiɗa bangayen da ke cikin 'yan giram kaɗan nasa, da sun rufe filin ƙwallo. Ba mamaki wanda ya tashi yana tarar ruwa ya karkata ga ƙishirwa. A 2018 tawagarsa ta ba da rahoton gwajin da ta yi a hamadar Arizona: garin MOF-801 yana zuƙe danshin iska da dare, zafin rana ya fitar da shi ya zama ɗigon ruwa.

Sai dai a faɗi gaskiya, kilo guda na garin ruwan da ya bayar a kwana ɗaya bai wuce kimanin giram 100 ba, ko kofin shayi bai cika ba. Ga kuma tsadar ƙarfen zirkoniyam da aka yi shi da shi, abin da ya sa aka koma ga alminiyam a MOF-303. A ganina wannan sauyin ya fi gwajin farko muhimmanci ga mazauna busassun ƙasashe, domin farashi shi zai raba gardama.

Yau an ƙera dubun-dubatar irinsu. Wasu na kama iskar da ke gaggauta nunar 'ya'yan itatuwa, wasu ana gwada su wajen kai magani cikin jiki, CALF-20 kuwa an jarraba shi wajen tare iskar kabon ta hayaƙin masana'anta a Kanada. Ranar 8 ga Oktoba, 2025, aka bayyana mutanen uku a matsayin waɗanda suka lashe kyautar Nobel ta ilimin sinadarai. A lokacin Robson yana da shekara 88.