Yadda inbata ta samu gurbi a gidajen Kano

Tun kafin farantan sola su hau rufin gidaje inbata ta shigo Kano, kuma wutar NEPA aka sayo ta ta tara. A 2005 hukumar da aka kafa tun 1972 ta koma PHCN, amma wuta ba ta ƙaru ba, sai masu hali suka fara jera manyan batura a lungun falo. In an kawo wuta su sha caji, in an ɗauke inbata ta juya wutar batir zuwa irin wadda fanka da talabijin suke ci. Na'urar kanta ta daɗe a duniya: tun 1925 David Prince, injiniyan kamfanin General Electric a Amurka, ya yi rubutu a kanta.

Inbatocin farko da suka shigo Kano sun ba mutane wahala. Masu arha wutarsu ba ta fita sumul, fanka ta yi ta gurnani, injin firji ya ɗauki zafi. Batura masu ruwa kuwa, da yawansu 'yan Indiya, sun mutu a gidaje da dama tun kwanansu bai ƙare ba. Da asarar kuɗi magidanta suka gane cewa irin wannan batir ba ya son a zuƙe shi ya wuce rabi, yana buƙatar ƙarin tataccen ruwa, kuma zafin watan Afrilu a rufaffen ɗaki yana cinye shi. Abin takaici, har yau akwai masu saye da ba a yi musu wannan bayanin.

Daga baya sola ta fara shigowa: a 2018 aka haɗa wa wasu shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola. Cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya sa janareto ya gagari mutane da yawa, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit.

Daga nan gidaje suka karkata ga sola, tsarin aikin gida kuma ya sauya. Guga da jan ruwan burtsatse sun koma tsakar rana, lokacin da faranti yake ba da wuta kai tsaye, dare kuma aka bar wa ƙwan fitila da fanka. Masu haɗa sola na kirki sun daina cusa wa ƙaramin gida ƙatuwar inbata, domin ko ba a kunna komai ba tana shan rabonta daga batir. Masu ƙarfi sun koma batirin litiyam, wanda yake jure zuƙa sosai. Lokacin hunturu kuwa, hazo yana lulluɓe faranti da ƙura, shi ya sa goge shi da sassafe ya shiga cikin ayyukan samarin gida.