Daga Nakiya Zuwa Kek: Yadda Kayan Sallah Suka Samo Asali a Gwarzo da Kabo

Da azumi ya kai ashirin da 'yan kai, shagunan Gwarzo da Kabo sai su canja kama. Buhunan fulawa su taso gaba, a jera robobin bota da gwangwanayen madara, mai awo ya wuni yana cika mudu yana juyewa a leda. Bayan an sha ruwa an sauko daga asham, ƙamshin suya ya fara ƙetare katanga. Yaron da aka haifa cikin shekaru 30 da suka wuce zai ɗauka haka Sallah take tun fil azal: cincin a bokiti, dubulan a faranti, kek a kwano mai murfi. Alhali yawancin abin da ke cikin farantin nan bai daɗe da isowa garuruwanmu ba, kuma kowanne da hanyar da ya biyo.

Alkama tsohuwa ce a ƙasar Hausa, amma ba ta taɓa zama cimar kowa da kowa ba. Tana son sanyin hunturu, tana son ban-ruwa, don haka a 'yan ƙananan fangaloli ake shuka ta a bakin fadama, ana ɗebo mata ruwa da jigo. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, kuma mafi yawansa birni yake tafiya. A birnin ne masu son ta suke. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851, ya tarar da fatake Larabawa na Gadamas zaune da gidajensu da dukiyarsu, suna hulɗa da Tarabulus ta hanyar Sahara. Daga irin waɗannan gidaje na wajen Dandalin Turawa da Alfindiki, da kuma gidajen sarauta da na attajiran da suka yi auratayya da su, girke-girken alkama suka bazu: gurasa, alkubus, taliya, alkaki, bakilawa, gireba. Har gobe a Masar da Libiya mata suna haɗuwa a ƙarshen Ramadan su gasa 'yan uwan waɗannan kayan zaƙi saboda Idi. Gireba, wadda ake kwaɓawa da mai da sukari, a barbaɗa mata riɗi a gasa, ita ce mafi kusa da abin da 'yan matan yanzu ke kira kukis, kuma ta riga shi zuwa nesa ba kusa ba.

Manomin yammacin Kano kuwa, daga Garo da Durun zuwa Getso da Lakwaya da Kutama, dawa da gero ne rumbunsa. Zaƙinsa yana wurin zuma, da rake, da garin ɗorawa, da maɗin ɗinya, daga baya kuma mazarƙwaila, wadda aka fara matsewa da injin da doki ke ja a ƙasar Zazzau cikin ƙarni na 20, ta riƙa shigowa kasuwanninmu. Da waɗannan kakanninmu mata suka gina nasu kayan alfarma, kuma sarauniyarsu ita ce nakiya.

Wanda bai ga ana yin nakiya ba ba zai san darajarta ba. A wanke shinkafa a shanya ta sha iska, a daka ta da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a tankaɗe, a soya garin a kasko ana juyawa ba ƙaƙƙautawa har ya yi ja. Sannan a dafa zuma ko sukari ya yi danƙo, a haɗa, a mayar turmi da man shanu a kirɓa har sai hannu ya gaji, wata ta karɓi taɓarya. Idan ta yi, takan yi watanni a tukunya ba ta canja ba. Alkaki ma haka yake da wuyar sha'ani. Ɓarzajjiyar alkama ake murzawa da mai, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a gyara da ruwan kanwa, a murza a naɗe, a soya a wuta mai sanyi-sanyi, a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari da tsamiya. Ko a da can ba kowace mace ce ta iya ba. A kowace unguwa akwai tsohuwa ɗaya ko biyu da ake aika wa idan hidima ta taso.

Abin lura shi ne, waɗannan ba kayan Sallah ba ne a asali. Kayan gara ne. Su ake jerawa a kai gidan ango, su ake kai wa mai jego, da su uwa ke fitar da 'yarta kunya a gaban dangin miji. Baba ta Karo, wadda ta yi wani ɓangare na rayuwarta a Zarewa, cikin ƙaramar hukumar Rogo ta yau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito a 1954. Wanda ya karanta zai ga yadda zumuncin matan yankin nan ya ginu a kan biki da ƙawance da musayar ƙwarya: a kai miki, ki rama idan nata ya zo. Sallah kuwa ta tuwo ce da miya mai kyau, da waina, da funkaso a gidan da ke da hali, da kaza, sai Babbar Sallah a ci nama a soya na ajiya. Yaran da ke yawon Sallah da goro da 'yan kwabbai ake sallamarsu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma tun daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Gyaɗa ta kawo wa ƙauye abu biyu: kuɗi a hannun maigida, da mai a ɗakin uwargida. Matan da ke cikin kulle suka mayar da matsar mai da ƙuli-ƙuli sana'a, yara na kai talla. A ganina nan ne amsar tambayar da mutane ba su cika yi ba, wato me ya sa kayan zaƙinmu kusan duk soyayyu ne, alhali na Larabawa da na Turawa yawanci gasassu ne. Tanderu yana birni wurin masu gurasa. Gidan ƙauye murhu yake da shi mai duwatsu uku, da kara, da kasko, ga kuma man gyaɗa a kwalba. Duk abin da zai zauna a irin wannan gida dole ya bi ta cikin mai.

Kantunan Turawa da na Kwarori sun kawo sukari da fulawar ƙasashen waje, amma tsawon zamanin mulkin mallaka kayan masu albashi ne. Abin ya fara sauyawa bayan samun 'yancin kai. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar da jiragen ruwa ke kawowa daga Amurka a 1962. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe injin fulawa na Northern Nigeria Flour Mills a Bompai, nan cikin Kano. Lokacin ya zo daidai da kuɗin man fetur, da ƙarin albashin Udoji, da naira mai ƙarfi. Buhun fulawa ya riƙa hawa motar Gwarzo daga birni, tafiyar kimanin kilomita 70, ya sauka a shagon unguwa a sayar da shi mudu-mudu. Wannan farin gari ba ya buƙatar surfe, ba ya buƙatar niƙa, ba ya buƙatar tankaɗe mai wahala. Macen da ta san zafin taɓarya ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Tare da fulawa cincin ya shigo. Daga kudu ya zo, inda yake cikin kayan Kirsimeti da bukukuwa, ya biyo ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwar Sabon Gari da matan bariki da na malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turowa garuruwa. Bai sha wahalar samun gindin zama ba, domin ya dace da murhun da ya tarar. A kwaɓa fulawa da sukari da bota da ƙwai da gyaɗar ƙamshi, a murza da kwalba a kan faranti, a yanka da wuƙa ko almakashi, a soya. Ba ya son gwaninta irin ta alkaki, ba ya lalacewa da wuri, yana da auki, kuma ana iya damƙa wa kowane yaro a hannu ya tafi yana murna. Wannan aukin ne ya mayar da kayan zaƙi daga abin gara, da ake yi sau ɗaya ko biyu a rayuwar 'ya mace, zuwa abin da ake yi kowace Sallah. Dubulan, wanda ya fi son laushin fulawa, shi ma ya samu sauƙi, musamman da injin taliya ya yawaita a gidaje ana murza kwaɓinsa da shi.

Aikin cincin ya zo da nasa zumunci. Kishiyoyi da facaloli da 'yan matan maƙwabta su zauna a tabarma ɗaya bayan sallar isha, wata na murzawa, uku na yanka, babba na bakin kasko da matsami. Gobe a koma gidan wata. Ranar Sallah a ƙulla na surukai daban, na maƙwabta daban, na 'yan yawon Sallah daban.

Gashi ya zo daga baya, ta hanyar makaranta. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 da makarantun 'yan mata na kwana sun fito da 'yan matan da suka koyi haɗa kek a darasin girke-girke. Suka dawo gida babu oban, babu wutar da za a dogara da ita. Abin da suka yi ya cancanci a rubuta shi a tarihi. Suka zuba yashi ko tsakuwa a gindin babbar tukunya, suka ɗora a garwashi ta yi zafi, suka wanke gwangwanayen kifi da na madara suka shafe su da mai suka zuba kwaɓi, suka rufe tukunyar suka ɗora wani garwashin a kan murfi. Wuta a ƙasa, wuta a sama. Wadda ta iya lura da garwashi takan fitar da kek ɗin da ba za ka bambanta shi da na kanti ba. Gidaje da yawa a Kabo da Gwarzo har yau da wannan tukunya suke gashin Sallah, wasu kuma su kai kwaɓinsu gidan burodi a gasa musu bayan an kwashe na sayarwa.

Sai dai duk wannan ya ginu a kan alkamar da ba mu muka noma ba. Hukuma ta yi ƙoƙarin toshe gurbin. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama a 1974, aka buɗe filayen noman rani na Kadawa da niyyar alkama. Yammacin jihar ma ya samu rabonsa na madatsu: Guzuguzu a Kabo, Watari a Bagwai, daga baya Challawa a Karaye a 1992. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fitar da littafi mai suna The Wheat Trap, suna nuna cewa ƙasar ta saba wa bakinta abincin da ba za ta iya noma isasshensa da araha ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga farkon 1987, Kano ta shiga gaba wajen nomanta, amma fulawa ta yi tsada, 'yan fasa-ƙwauri suka cika gurbin ta kan iyakoki, aka janye hanin a 1992. Manomin rani kuwa lissafinsa yake yi: idan tumatir da albasa da masara sun fi kawo kuɗi, su zai shuka. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman 2021 ta nuna alkamar da aka noma a duk Najeriya ba ta kai tan 40,000 ba, Kano ce kan gaba, alhali abin da ake shigowa da shi kowace shekara ya haura tan miliyan 4.

Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukren na 2022, da janye tallafin man fetur da faɗuwar naira a 2023, suka iso har tsakar gidajen Getso da Garo. Wadda ta saba kwaɓa mudu biyar ta koma biyu. Wata ta cire ƙwai, wata ta rage madara, wata ta shiga adashi tun watan Rajab don kada 'ya'yanta su ga na maƙwabta su sunkuyar da kai.

A gefe guda kuma sana'ar ta bunƙasa fiye da kowane lokaci. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo shirin girki na Akushi da Rufi har cikin ɗakuna, wayar hannu ta kawo YouTube da TikTok, oban mai gas ya shiga kayan ɗakin amare masu hali. Matan aure da 'yan mata suna karɓar aikin kek da kukis da donat da samosa ta WhatsApp, a saro kaya a kasuwar Singa, a gasa a gida, a aika a mota. Wannan abin a yaba ne, domin yana biyan kuɗin makaranta, yana rufa asiri. Abin da ke damuna shi ne, yayin da masu iya ƙawata kek ke ƙaruwa, masu iya alkaki da nakiya raguwa suke yi. Yau idan gara ta taso, gidaje da dama sai sun aika birni an sayo, ko a nemi wata dattijuwa da ƙarfinta ya fara ƙarewa.

Kuma waɗannan biyun, alkaki da nakiya, su ne kaɗai a farantin da ba sa jiran jirgin ruwa. Shinkafa muna nomawa, alkamar gida da ake samu a filayen rani ita ce ma ta fi dacewa da alkaki, zuma da man shanu da man gyaɗa da tsamiya duk suna kasuwannin Gwarzo da Getso da Kabo. Ina kira ga iyaye mata da cibiyoyin koyar da sana'o'in mata na ƙananan hukumomin nan biyu da su sa alkaki da nakiya da gireba cikin abin da ake koya wa 'yan mata tare da kek. Wadda kuma Allah ya bar mata kaka ko gwaggo da ta iya, ta je ta zauna kusa da ita a azumin bana, ta riƙe mata taɓarya, ta koya da hannunta.