Robar Silikon: Yadda Ake Ƙera Ta Da Yadda Za Ka Gane Ta Gaskiya

Duk wanda ke kasa kayan waya a Computer Village ta Ikeja, ko a Alaba, ko a Sabon Ibadan, ya san kalmar nan da masu sari ke yawan faɗa: "Wannan silikon ne." Da an ambace ta sai kuɗin kaya ya ƙaru. Wani ɗan uwana da ya baro mu a Azuba ya koma Legas da sayar da rigar waya, ya taɓa sarin kwali guda a kan silikon ne, kafin wata biyu duk sun yi tauri sun tsattsage. Uwar kuɗinsa ta tafi. Shi ya sa na ga ya kamata mu san mece ce wannan roba.

Asalinta

Robar buta, bokiti da kujera daga man fetur da iskar gas take fitowa. A nan gida, kamfanin Indorama da ke Eleme a Jihar Ribas yana samar da ƙwayoyinta, masana'antun Legas da na Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano su narka su yi kaya.

Ita kuwa silikon, tushenta yashi ne. Ana gasa farin yashi da gawayi a wuta mai tsananin zafi har a fitar da sinadarin da ke cikinsa, sannan a haɗa shi da wasu sinadarai ya koma roba. Wani Baturen Ingila, Frederic Kipping, shi ya raɗa mata suna a farkon shekarun 1900. A 1940 Eugene Rochow na kamfanin General Electric a Amurka ya gano hanyar yin ta da yawa, a 1943 kuma aka kafa kamfanin Dow Corning domin sana'arta. Yawancin kayan silikon da ke kasuwanninmu yau daga China ake shigo da su.

Yadda ake zuba ta

Wanda ya taɓa ganin ana yi wa sa allura zai fahimci aikin nan da sauri. Injin kamar ƙaton sirinji yake: yana tura roba da ƙarfi ta ƙaramar kafa zuwa cikin mazubin ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira mol, kamar dai na masu buga bulo. An sassaƙa siffar kayan a cikinsa, kuma gida biyu ne da ke haɗewa su rabu.

Silikon na zuwa ne a durom biyu, kowanne da ruwa mai kauri kamar zuma. Muddin ba a gauraya su ba, haka za su zauna. Ga matakan:

1. Famfo zai ja daga durom biyun daidai wa daida, a sa kala idan ana so.
2. A gauraya su a cikin bututu mai sanyi, don kada su daskare tun a hanya.
3. Injin ya tura haɗin cikin mol mai zafi, wajen digiri 150 zuwa 200.
4. Zafin ya dafa shi, cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna ya zama roba.
5. Mol ya buɗe, a cire kaya, a gyara gefe. Kayan jarirai da na asibiti sau da yawa ana sake gasa su na wasu awoyi don su tsarkaka.

To a nan bambancin yake. Robar buta narka ta ake yi da zafi a zuba a mol mai sanyi, kamar kitse: ya narke, ya daskare, gobe a sake narka shi. Silikon kuwa kamar ƙwai ce, in ta dahu ta dahu ke nan. Dalilin da ya sa take jure zafin da ya kai digiri 200 da sanyin firiza ba tare da ta lalace ba. Shi ne kuma dalilin da 'yan uwanmu masu jari-bola ba sa samun mai sayenta kamar yadda ake sayen fasasshen bokiti, domin injinan narka roba ba su da abin yi da ita.

Me ake yi da ita?

Kan bulumbotin jarirai, rigar waya, madannan rimot, madaurin agogo, zoben da ke hana tukunyar matsi yoyo, mazubin kek, da wasu bututun da ake sa wa marasa lafiya. Har a harkarmu ta shanu tana nan: a gonakin da ake tatsa da inji, wasu robobin da ke kama hantsar saniya da ita ake yin su.

Me ya sa take da tsada?

Abu biyu ne. Na farko, ɗanyen kayan daga waje yake zuwa, da dala ake saye, ga kuma ɗan sinadarin filatinom da ake sawa a ciki, wanda ƙarfe ne mai daraja irin zinariya. Na biyu, mol ɗin. Ruwan silikon na bin kafar da ko gashi ba zai shiga ba, dole a sassaƙa ƙarfen ba kuskure. Sai an buga dubban kaya kafin kuɗin mol ya fita. Don haka in ka ji an yi maka farashin da ya yi kama da na leda, ka yi hattara, araha ba ta ado.

Yadda za ka gwada kafin ka sara

Ka nemi samfur guda ɗaya tukuna, kada ka biya kuɗin kwali.

Wuta: yanki ɗan guntu ka ƙona a waje, nesa da kaya. Silikon ba ta ɗiga, hayaƙinta fari ne, tokar ma fara. Robar fetur narkewa take tana ɗiga, yawanci da baƙin hayaƙi da wari.

Murɗawa: ka ja ta ka murɗa. In wurin ya yi fari, alama ce an cika ta da gari don a rage kuɗi.

Tafasasshen ruwa: ta gaskiya tana fitowa yadda ta shiga, ba lanƙwasa, ba wari.

Ga masu sayar da kayan jarirai, maganar ta wuce ta riba. Abin da zai shiga bakin jinjiri, kuma uwa za ta riƙa tafasa shi kullum, amana ce a wuyanka. Ka duba sunan kamfani da adireshi a jikin kwali, wanda ba shi da su ka bar shi ko da kyauta ne.

A kara, mahaifina ba ya taya sa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, komai daɗin bakin dillali. Haka ya kamata mu yi da wannan kaya. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyarmu a inda muke neman halaliya.