Laso Da Tubali: Ginin Da Ba Ya Barin Juji

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Daura zai ga abu guda a ƙofar kowane gida da ake ginawa: tarin fasassun bulo, da yagaggun buhunan siminti, da guntayen rodi, da katakon dakin da aka ɓamɓare aka yar. Mun saba da ganin haka har muna zaton dama can gini da juji tare suke tafiya. To, ba haka abin yake ba a zamanin kakanninmu.

Maginin da, ƙasar da ke kusa da shi ita ce jarinsa. A haƙo ta, a jiƙa, a zuba ciyawa ko ƙaiƙayi, a tattake, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a cura tubali a shanya. Da irin wannan tubali aka tayar da ganuwar Daura da tsofaffin sorayen fadar Sarki, kamar yadda aka tayar da Gobarau a Katsina. In katanga ta faɗi, ba a neman inda za a kai ɓaraguzanta. A nan take za a farfasa, a sake kwaɓawa, a mayar da ita inda ta fito. Azara kuwa, da yake daga giginya ake tsaga ta kuma gara ba ta cinta da sauƙi, sai ka tarar wadda ta riƙe rufin ɗakin kaka ita ce ke riƙe da na jika.

Amma inda hikimar ta fi burge mu shi ne wajen shafe. Laso, wato simintin Bahaushe da ake shafa wa rufin soro don kada ruwa ya ratsa, kusan dukkansa abin da wasu masu sana'a suka zubar ne. Ana ɗebo katsi daga gindin rijiyoyin marina bayan baba ya ƙare aikinsa, a busar, a ƙona, a daka. A karɓo gashin jima wurin majema, wanda su kam neman mai raba su da shi suke yi. A haɗa da ruwan dafara mai yauƙi da aka samo a daji. Haka nan makuba: kalwa ta tafi wurin mai daddawa, garin ɗorawa yara su shanye, ɓawon kuma a jiƙa shi a yi yaɓe da daɓe. Wato sharar marini da ta majemi da ta mai daddawa duk a jikin bango take ƙarewa.

Wannan ne ma, a ganinmu, ya jawo mutuwar laso. Ba siminti kaɗai ya kashe shi ba. Da atamfa da shuni na kanti suka cika kasuwa, rijiyoyin marina suka rinƙa cikewa ɗaya bayan ɗaya, sai katsi ya yi wuya. Magini ya waiwaya bai ga abokan aikinsa ba.

A 1906, lokacin da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon sarautar Daura, birnin na ƙasa ne. Kwano da siminti sun shigo a hankali, ta gine-ginen En'e da makarantu. Guguwar ta taso ne da kuɗin mai, har a 1975 ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a tashar Legas suna jiran sauke kaya. Daga nan gidan ƙasa ya zama alamar talauci. Yanzu kuma ga masana na cewa masana'antun siminti ne ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya.

Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Gidan ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, in aka yi sakaci ya rufta kan masu shi. Kududdufan da aka ɗebi ƙasa sun zama gidan sauro. Giginya kuma tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi ta yi ƙaranci a dazukanmu.

Duk da haka, maƙwabtanmu sun nuna sana'ar ba ta mutu ba. A ƙauyen Yama, cikin yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo masa ruwa da tubali. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Mu kuwa a nan, in malami ya rubuta kalmar laso ko makuba a allo, sai ya tsaya ya yi wa 'yan aji bayani, kuma yawancin waɗanda za su iya kwaɓa shi da hannunsu tsofaffi ne.