Zanzaro, Injin Ɗab'i da Maginan Pus

A shekarar 2021, a garin Massa Lombarda da ke kusa da Ravenna a Italiya, aka kammala wani gida mai suna TECLA, ba tare da an ɗora tubali ko ɗaya ba. Mai zanen gine-gine Mario Cucinella ne ya tsara shi a kwamfuta, sannan injin ɗab'i na kamfanin WASP ya riƙa zubo kwaɓaɓɓiyar laka ta bakinsa yana zagayawa, layi kan layi har 350, cikin awa 200. Masu aikin sun ce zanzaro suka kwaikwaya, ƙwaron nan da ke gininsa a kusurwar ɗakunanmu muna karyawa da tsintsiya.

Wanda ya taɓa tashi daga Maruwa ya bi ta Maga zuwa Pus, a bakin kogin Logone, idan ya ga hoton TECLA sai ya yi murmushi. Mutanen Musgum sun daɗe da irin wannan gini, suna kiransa tolek. Yadda ake gina tukunya ko rumbu haka suke yinsa: a ɗora laka a zagaye, a bari ta sha iska, a ƙara wata a kai. Babu ginshiƙi, babu azara. Bangon yana da kauri a ƙasa, yana sirancewa yana tsukewa, wani har ya kai mita tara, sai a bar ƙofa a tsakar kai don hayaƙi ya fita, a rufe ta in ruwa ya sauko.

Siffar ce abin mamaki. Idan ka riƙe sarƙa ta bakinta biyu ka bar tsakiyarta ta sauka, sannan ka kifar da wannan lanƙwasa, ka sami bakan da ke ɗaukar nauyin kansa da kansa. Robert Hooke na Ingila ya bayyana wannan a ƙarni na 17, yau kuma kwamfuta ke lissafa shi. Maginan Logone da ido da tafin hannu suka kusanci wannan lanƙwasa. Tudun-tudun da suke jerawa a jikin bangon kuwa ba ado kaɗai ba ne: su ne matakalar magini, su ne kuma ke rarraba ruwan sama kada ya ci bangon ta wuri ɗaya.

Tarihin ƙasar bai zo da sauƙi ba. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga ƙasar Musgum a ƙarshen 1851 tare da rundunar Barno da ta je kamun bayi. Marubucin Faransa André Gide ya bi ta yankin a 1926, ya yaba ginin ƙwarai, aka kuma nuna kwaikwayonsa a baje kolin mulkin mallaka na Paris a 1931. Faransawa sun raɗa masa suna ɗakin harsashin igwa. Ni dai sunan bai yi mini ba, don ƙwai ko tulu ya fi kusa da shi.

A daidai lokacin da ake kallonsa a Paris, a gida yana ja da baya. Gini ne mai cin watanni, ga aikin tilas na zamanin Turawa ya kwashe majiya ƙarfi, daga baya kuma bulo da kwano suka zama alamar wadata. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka sake gina wasu a Murla, kusa da Pus, da taimakon wata ƙungiyar Faransa, inda tsofaffin da suka rage da sanin aikin suka koya wa samari.

Ana iya auna tolek a adana siffarsa a kwamfuta, kuma ya kamata a yi, don inji zai iya buga ta. Sai dai fayil ɗin ba zai faɗa maka ramin da lakarsa ta fi danƙo ba, ko yawan ciyawar da za a kwaɓa da ita, ko ranar da layin jiya ya bushe daidai ɗaukar na yau. Waɗannan suna hannun magina kaɗan ne a Murla da Pus, waɗanda ke taka tudun bangon su hau su yi masa yaɓe in damina ta wuce.