Fitila

Kalmar fitila aro ce daga Larabci. A can "fatila" ake cewa, kuma lagwani ake nufi, wato zaren da aka tufka ake tsomawa cikin mai. Saiwar kalmar, f-t-l, ta shafi murɗa zare da tufkar igiya. Da ta shigo bakin Bahaushe sai ta faɗaɗa, ta haɗe kasko da mai da lagwanin baki ɗaya. Turkawa har yau "fitil" suke ce wa lagwani, Yarbawa kuwa, kamar mu, abin haskakawar suke kira fitila.

Sunan ya yi ta bin kowane sabon haske, daga aci-balbal ta man gyaɗa zuwa fitilar ƙwai ta kananzir, har ya iso kan ƙwan lantarki.

Yanzu mai sabunta kicin kan ce wa ma'aikaci, "Malam, a sa mini fitila ƙarƙashin kabad ɗin bango." Siririn zirin LED yake nufi, wanda ake mannawa, yawanci mai aiki da volt 12 ko 24. Buƙatarsa a fili take: ƙwan silin yana bayan mai girki, don haka inuwarta ce ke faɗawa kan albasar da take yankawa, kuma nan ne wuƙa ke cin yatsa. Na fi so a manna zirin kusa da bakin kabad, domin hasken ya sauka tsakiyar wurin aiki. Wajen launin haske, ziri mai kelvin 3000 zuwa 4000 ya fi dacewa. Wanda ya zarce haka sosai farinsa kan yi shuɗi-shuɗi, jan tattasai ya dusashe a ido.